Yadda Ake Zaɓe Tsakanin Bishiyar Inuwa da Fulawar Ado Kafin a Haƙa Rami

Duk wanda ya kammala gini, ko ya gaji da ganin ƙofar gidansa fayau babu ko ganye, yakan nufi masu sayar da dashe a bakin titi, inda aka jera ledoji: ga darbejiya da madaci da mangwaro a gefe guda, ga fulawoyi masu ja da ruwan ɗorawa a ɗaya gefen. Yawancin mutane a nan suke yanke shawara, da ido, kuma galibi a watan Agusta lokacin da komai ya yi shar. Na daɗe ina dasa itatuwa a gidaje da makarantu da harabar masallatai, kuma abin da aikin ya nuna mini shi ne ba a gaban mai dashe ake yin wannan zaɓi ba. A filin da za a dasa ake yin sa, da tef ɗin awo a hannu, tare da lissafin ruwan da mutum zai iya bayarwa a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Damagaram, rijiyoyi kuma suka ja baya.

Bayanin da ake bukata kafin a fara gajere ne. Bishiyar inuwa mai juriya tana aika saiwarta nesa, ƙasa da gefe, don haka idan ta tsallake rani biyu tana iya neman ruwanta da kanta, amma wannan saiwar ce kuma ke fasa harsashin gini. Fulawar ado ƙaramin itace ne mai rassa da yawa daga tushe, wanda bai cika wuce mita 2 zuwa 3 ba, saiwarsa a sama-sama take, ba ta cutar da katanga, amma galibin irinta ba sa daina jiran bokitinka. Fulawoyi irin su hibiskus da iksora da kuroton duk asalinsu yankuna ne masu laima da yawan ruwan sama, alhali mu a Kano da Katsina ruwan kirki na kimanin wata huɗu ne kawai, daga Yuni zuwa Satumba. Fulawar ado kiwon kajin gidan gona ce, bishiyar inuwa kuwa kiwon zabi: ɗaya sai da hidimar kullum, ɗaya da zarar ta yi ƙwari sai ta nemi abincinta.

Kayan aikin da za a tanada

Domin bincike da awo, ana bukatar tef ɗin awo irin na magina, da igiya da ƙananan turaku, da takarda da biro, da jarka mai lita 25 wadda ita ce ma'aunin lissafin ruwa. Idan babu tef, takun babban mutum guda ya kusa santimita 75, wato taku huɗu mita 3 ke nan.

Domin haƙa da dasawa, ana bukatar diga da shebur da fartanya, da wuƙa mai kaifi ko reza ta yanke leda, da bokiti, da turke mai ƙwari wanda ya kai mita ɗaya da rabi, da tsumma na ɗauri. A tanadi ruɓaɓɓen takin shanu ko na awaki wanda ya shekara, ya yi baƙi, ba ya wari kuma ba ya ɗumi idan aka tura hannu cikinsa. Ɗanyen kashin kaji ba ya shiga wannan lissafi, domin yana ƙone saiwar dashe.

Domin kariya da kulawa, ana bukatar ragar waya ko bulo ko ƙayar magarya, da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa na rufe gindi, da almakashin datse reshe. Adda tana iya maye gurbin almakashi ga bishiya, amma ga fulawa tana yayyaga reshe ta bar rauni.

Mataki na 1: Ka bayyana wa kanka abin da kake nema

Ka rubuta a takarda abin da kake so shukar ta yi maka, kuma ka zaɓi abu guda a matsayin na farko. Idan kana son wurin shimfiɗa tabarma da azahar, ko rage zafin ɗaki, ko inuwar mota da dabbobi, to bishiya kake nema, kuma babu fulawar da za ta yi maka wannan aiki sai da dabarar rumfa da zan ambata a gaba. Idan burinka ƙawata mashigar gida ne, ko rufe muni na katanga, ko raba tsakar gida da shinge mai rai, to fulawa ce ta dace. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne sayen doguwar bishiyar nan siririya da masu dashe ke kira maskured da niyyar samun inuwa. Tana da kyau a layi a gefen katanga, amma rassanta ƙasa suke zubowa a jikinta, inuwarta ba ta isa mutum biyu zama ba.

Ka kuma tambayi kanka ko gidan naka ne. Ɗan haya ya nemi izinin mai gida kafin ya dasa bishiya, in kuwa bai samu ba, ya tsaya a kan fulawa a cikin tukunya, wadda zai iya ɗauka ranar tashi.

Mataki na 2: Ka auna wurin, sama da ƙasa

Wannan mataki shi ne ke yanke rabin hukunci, saboda haka kada a yi masa gaggawa. Ka kafa turke a daidai inda kake sha'awar dasawa, sannan ka auna nisansa da abubuwa huɗu: harsashin ɗaki, katangar gida, ramin sokawe ko masai, da bututun ruwa. Ƙa'idar da nake bi ita ce darbejiya da madaci da mangwaro da tsamiya su yi nisan aƙalla mita 6 daga harsashi, da mita 8 zuwa 10 daga sokawe, domin saiwa tana bin danshi, kuma idan ta sami tsaga a jikin ramin sai ta shiga ta cika shi. Cediya da durumi da gamji kuwa, duk da cewa babu inuwar da ta kai tasu sanyi, ba na dasa su ƙasa da mita 15 daga kowane gini. Wurinsu dandali ne, da bakin kasuwa, da filin makaranta. Fulawar ado tana iya zama a rabin mita zuwa mita ɗaya daga katanga ba tare da wata illa ba.

Idan ka yi wannan awo da gaskiya, za ka ga cewa fuloti mai ƙafa 50 a kan 50, wato kimanin mita 15 kowane gefe, ba ya barin gurbin babbar bishiya a ciki bayan an yi gini. Mai irin wannan gida ya duba ƙofar gida, idan layin yana da faɗi, ko ya koma ga fulawa. Fuloti mai ƙafa 50 a kan 100 yakan ɗauki bishiya guda, wani lokaci biyu, idan an bar tsakar gida.

Bayan haka ka ɗaga kai. Idan wayar lantarki ta ratsa saman turken, to bishiya ta fita daga lissafi, domin nan da 'yan shekaru ma'aikatan wuta za su zo su yi mata askin da ba za ta sake kyan gani ba, ban da haɗarin da reshe mai jiƙa ke jawowa da damina. Ka duba katangar maƙwabci ma. Reshe da ke zubar da ganye a kan kwanon wani, ko saiwar da ta tsaga masa bango, sun sha kai maƙwabta gaban mai unguwa.

Abu na ƙarshe a wannan mataki shi ne rana da iska. Ka ziyarci turken sau uku a yini guda, da hantsi da azahar da la'asar, ka lura da inda inuwa take faɗuwa. Bangon yamma shi ne ke shan ranar la'asar ya riƙe zafi har tsakar dare, don haka bishiyar da aka dasa yamma da ɗaki, ko kudu maso yamma, ita ce ke rage zafin kwana. Guguwar farkon damina kuwa daga gabas take tasowa a ƙasarmu, shi ya sa ba na son dasa itace mai saurin karyewa, irin turare da malaina, gabas da ɗakin kwana. Ga fulawa lissafin daban ne: bogenbiliya tana son rana tun safe har yamma, hibiskus da iksora da kuroton kuwa sun fi lafiya inda suke samun ranar safe, katanga ta kare su daga ranar la'asar da kuma iskar hunturu da ke busowa daga arewa maso gabas.

Mataki na 3: Ka haƙa ramin gwaji

A inda turken yake, ka haƙa rami mai zurfin santimita 50, ka duba abin da ke fitowa. A sababbin gidaje abin da aka fi tararwa shi ne ɓaraguzan bulo da busasshen siminti da ledoji da magina suka binne. Dole a kwashe su duka. Siminti yana mai da ƙasa mai kanwa, kuma iksora ba ta jure wannan ko kaɗan: sababbin ganyayenta sai su koma rawaya, jijiyoyinsu kawai su rage kore, domin saiwar ta kasa ɗaukar sinadarin ƙarfe daga ƙasa. Saboda wannan dalili ne ma ba a zuba wa iksora toka, duk da cewa toka tana amfanar wasu shuke-shuken.

Sai ka cika ramin da ruwa, ka bari ya tsotse, ka sake cika shi, sannan ka soma duba agogo. Idan ruwan ya ɓace kafin awa guda, ƙasar jigawa ce: darbejiya da lalle da bogenbiliya za su rayu a ciki, amma hibiskus zai riƙa yaushi kullum da rana sai an ƙara taki mai yawa. Idan ya ɗauki awa 2 zuwa 6, ƙasa ce mai kyau wadda za ta karɓi kusan komai. Idan kuwa ka dawo washegari ka tarar da ruwa kwance, to laka ce ko kuma akwai marmara a ƙasa. Darbejiya ba ta son kwanciyar ruwa a gindinta, haka ma bogenbiliya da fulawar nan da ake kira kariya, saiwarsu ruɓewa take. A irin wannan wuri madaci ya fi haƙuri, tunda a daji ma bakin rafi ya fi so. Idan marmara ce, a fasa ta da diga har a kai ga ƙasa mai laushi. In ta gagara, a haƙura da bishiya a wurin, a tayar da ƙasa tudu mai tsayin santimita 40 a zagaye shi da bulo, a dasa fulawa a kai.

Mataki na 4: Ka lissafa ruwan rani da jarka

Nan ne da yawa suke yaudarar kansu. Daga tsakiyar Oktoba zuwa tsakiyar Mayu kimanin mako 30 ne, wato kwana 210, kuma a arewacin ƙasar Hausa kusan babu ɗigon ruwan sama a cikinsu. Sabuwar bishiya tana bukatar jarka guda sau biyu a mako, wato jarka 60 a ranin farko. A rani na biyu rabin haka ya isa, a na uku kuwa darbejiya ko madaci ko tsamiya sun kama ƙasa, sai dai ɗan taimako idan bazara ta yi tsanani. Yanzu ka kwatanta da layin hibiskus guda goma a gefen katanga. Idan kowanne zai sha lita 5 a rana, lita 50 ke nan, jarka biyu kullum, wato jarka 420 a rani guda, kuma haka za a yi ta yi kowace shekara muddin ana son su rayu. Ka ninka wannan da kuɗin jarka a wurin 'yan garuwa na unguwarku, ka ga ko aljihunka zai ɗauka.

Wanda yake da rijiyar burtsatse ko famfo mai zuwa a kai a kai, wannan lissafi ba zai dame shi ba, sai dai ya tambayi kansa wane ne zai riƙa ba da ruwan idan ya yi tafiya. Mazauna Kaduna da Jos da kudancin Bauchi, inda damina ta fi tsawo, suna da sauƙi a kan mazauna Daura ko Maraɗi, kuma fulawar da ta yi kyau a gidan ɗan'uwanka a Jos ba hujja ba ce cewa za ta yi a Gumel.

Idan ruwa ya yi ƙaranci akwai dabaru biyu. Ta farko ita ce a karkata magudanar wurin alwala zuwa gindin bishiya, domin ruwa ne mai tsabta da ke zuba sau biyar a rana. Ruwan wanki mai omo ko bilic kuwa a nisanta shi da fulawa. Ta biyu ita ce a binne tulun ƙasa wanda ba a shafe shi da komai ba a gefen dashen, bakinsa kawai a waje, a riƙa cika shi ana rufewa. Ruwan yana tsattsafowa ta jikin tulun kai tsaye zuwa saiwa, rana ba ta shanye shi, rufin kuma yana hana sauro hayayyafa.

Mataki na 5: Ka duba awaki da yara

Idan dashen a ƙofar gida zai zauna, ka ɗauka cewa awakin unguwa za su iso shi kafin ka wanke hannu. Hibiskus ɗan'uwan yakuwa da rama ne, kuma akuya tana cinye shi har tushe, don haka wurinsa cikin gida ne. Darbejiya ma duk ɗacinta ba ta tsira daga bakin akuya da rani idan tana ƙarama.

Batun guba ya fi wannan nauyi. Oliyanda, fulawar nan mai dogayen ganye sirara da fure ruwan hoda, tana da juriyar fari sosai, shi ya sa ake yawan ganinta a tsakiyar tituna, amma ganyenta da furenta da itacenta duk guba ne ga mutum da dabba, har hayaƙinta idan an ƙona. Ruwan jikin kariya ma guba ne, 'ya'yan cin-da-zugu kuma suna sa yara amai da gudawa mai tsanani idan suka tauna. Gidan da ke da yara ƙanana ko tumaki a sake, da makarantar firamare, ba wurin waɗannan ba ne. Bogenbiliya ba ta da wannan matsala amma tana da ƙaya, kada a sa ta a ƙunƙuntar hanyar da ake wucewa da dare.

Mataki na 6: Ka yanke hukunci, ka zaɓi iri

Yanzu takardarka ta ƙunshi amsoshi. Idan akwai nisan mita 6, babu waya a sama, ruwa kuma saye ake yi, ka dasa bishiya. Idan babu fili amma akwai ruwa, ka dasa fulawa. Idan akwai duka biyun, ka fara da bishiya a bana, ka jinkirta fulawa, domin inuwar da bishiyar za ta yi nan gaba za ta sauya wuraren da fulawa za ta iya zama. Idan babu fili kuma babu ruwa, zaɓinka bogenbiliya ce ko lalle.

A cikin bishiyoyi, darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro, ita ce ta farko ga mai farawa. Asalinta Indiya ne, an shigo da ita Afirka ta Yamma a zamanin Turawan mulkin mallaka, kuma ta nuna juriyarta a kwarin Majiya na jihar Tawa a Nijar, inda aka soma dasa ta layi-layi domin tare iska a 1975. Tana ba da inuwar zama cikin shekara huɗu zuwa biyar, tana riƙe yawancin ganyenta da bazara. Aibinta shara da 'ya'ya, da jemagu da ke zuwa cin su. Madaci ya fi ta girma da kwarjini amma ya fi ta jinkiri, kuma masu neman magani suna ɓare masa ɓawo har su kashe shi idan yana waje babu mai tsaro. Tsamiya tana da inuwa mai kauri da 'ya'ya masu amfani, sai dai mai dasa ta yana yi wa 'ya'yansa ne, kuma akwai iyalan da ba sa son ta a cikin gida saboda camfin aljanu, don haka a yi shawara da mutanen gida tukuna. Mangwaro yana haɗa inuwa da abin ci, amma ya fi sauran son ruwa.

Akwai itatuwa masu daraja da ba su dace da wannan bukata ba. Kuka tana zubar da ganyenta da rani, daidai lokacin da ake neman inuwa. Gawo akasin haka yake yi, yana tsiraita da damina ya yi ganye da rani, abin da ya sa ya zama abokin manomi a gona, amma ƙayarsa ba ta dace da tsakar gida ba. Ita kuwa bishiyar nan mai rassa hawa-hawa da ake kira ambarela, wadda asalinta Madagaska ne, tana saurin girma da kyan fasali, amma saiwarta tana bin saman ƙasa tana ɗaga intalok da daɓen siminti.

A cikin fulawoyi, bogenbiliya ce ta fi dacewa da yanayinmu. Asalinta Kudancin Amurka ne, kuma tana fi yin launi da rani idan ba a cika mata ruwa da taki ba. Wanda ya shagwaɓa ta ganye zalla za ta ba shi. Ita ce kuma mafita ga mai son inuwa a wurin da babu fili: a kafa rumfar ƙarfe ko ta azara mai tsayin mita 2 da rabi, a dasa ta a gindin ginshiƙai biyu, a riƙa ɗaure rassanta sama, cikin shekara biyu zuwa uku za ta rufe rumfar. Lalle bai kamata a raina shi ba don na gida ne: yana jure fari, yana yin shinge mai kauri, furensa yana da ƙamshi, mata kuma su amfana da ganyensa. Hibiskus da iksora da kuroton a bar su ga mai wadataccen ruwa da lungu mai kariya.

Mataki na 7: Sayen dashe

Kada ka zaɓi mafi tsawo a jeri. Dashen bishiya mai tsayin santimita 40 zuwa 80, mai kara ɗaya miƙaƙƙe, ya fi kama ƙasa a kan wanda ya kai kafaɗar mutum a cikin ƙaramar leda, domin wannan saiwarsa ta riga ta nannaɗe, kuma haka za ta ci gaba da shaƙe kanta a rami. Ka ɗaga ledar da hannunka. Idan ta ƙi tasowa, saiwa ta huda ta shiga ƙasa, kuma fizgo ta zai raunata dashen. Ga fulawa, ka zaɓi mai rassa uku ko huɗu daga ƙasa, ka juya ganyen ka duba bayansa, ka guji duk mai farin abu kamar auduga a maƙale, domin ƙwari ne masu tsotso da za su bazu a gidanka. Ka sayi bogenbiliya da hibiskus suna ɗauke da fure domin ka tabbatar da launin.

Wanda ba shi da kuɗin saye ba zai rasa dashe ba. Da damina ƙananan darbejiya suna tsirowa da kansu a gindin katanga, ana iya tono su da ƙasarsu a rene su a leda. Idan iri za a shuka, a yi amfani da sabo, domin irin darbejiya yana mutuwa cikin 'yan makonni. Bogenbiliya da hibiskus da lalle kuwa ana yanko reshe mai kaurin fensir, tsawon taƙi guda, a cire ganyen ƙasa, a soka a ledar rairayi da taki a inuwa har ya yi saiwa.

Mataki na 8: Dasawa

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan damina ta kankama, daga ƙarshen Yuni zuwa ƙarshen Yuli a yankin Kano, domin dashen ya sami aƙalla wata biyu na ruwan sama. Wanda ya dasa a ruwan farko yakan gamu da tsayawar ruwa, wanda ya bari har Satumba kuma ya ɗora wa kansa ban ruwa tun daga makon farko.

Ka haƙa ramin bishiya santimita 60 a faɗi da zurfi, na fulawa santimita 40, kana ajiye ƙasar sama daban da ta ƙasa. Ka cuɗa kashi biyu na ƙasar sama da kashi ɗaya na taki, ka mayar da wani sashe cikin ramin ka danna. Ka tsince duk wani guntun katako ko kara, domin su ke kiran gara, in kuma wurin yana da gara sosai ka barbaɗa dakakken irin darbejiya a cikin ƙasar. Da yamma, bayan rana ta yi sanyi, ka yanke gindin ledar da reza, ka datse saiwar da ta nannaɗe, ka ajiye dashen a tsakiya, ka tsaga ledar ta gefe ka zare ta gaba ɗaya ba tare da ƙasar ta wargaje ba. A yi hattara sosai da bogenbiliya a nan, saiwarta ba ta son taɓi. Kuskure mafi yawa shi ne zurfafa dashe: iyakar inda ƙasar leda ta tsaya a jikin karan, nan ne ƙasar rami za ta tsaya. Ka cike, ka taka gefe a hankali, ka yi kewayen ƙasa mai riƙe ruwa, ka zuba jarka guda ko da an yi ruwan sama a ranar. Ka kafa turke a gefe ka ɗaure karan da tsumma sako-sako, ba da waya ba, sannan ka kafa kariya a ranar, kada ka bari sai gobe. Idan da bulo za ka kewaye, ka bar tazara tsakaninsu domin iska ta shiga, in ba haka ba zafin bulon zai dafa dashen da bazara.

Mataki na 9: Kulawar shekarar farko

Da zarar ruwa ya ɗauke, ka rufe gindin da ciyawa ko ɓawon gyaɗa mai kaurin yatsu huɗu, amma ka bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da karan, kana ɗagawa lokaci-lokaci kana duba gara. Ban ruwa mai yawa sau biyu a mako ya fi yayyafi na kullum ga bishiya, domin yayyafi yana koya wa saiwa zama a sama. Da hunturu ka riƙa wanke ganyen kuroton da hibiskus da ruwa, saboda ƙura da bushewar iska suna jawo musu ƙananan ƙwari.

Askin biyun ya bambanta. Bishiya ana bar mata kai guda, a riƙa cire rassan ƙasa kaɗan-kaɗan kowace shekara har inuwar ta haura kan mutum, kuma ba a cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganyenta a lokaci guda. Fulawa kuwa kan rassanta ake tsinkewa domin ta yi cunkus. Hibiskus a sabon reshe yake fure, don haka a datse shi a farkon damina, bogenbiliya kuma bayan launinta ya zube. A kwance ɗaurin turke bayan shekara guda kafin ya shiga jikin itacen.

Idan dashe ya zubar da ganye, kada a yi saurin tumɓuke shi. A kankare ɓawon da farce: idan cikinsa kore ne yana da rai, a ci gaba da ba shi ruwa daidai gwargwado. Idan ya bushe har tushe, a tono shi a duba saiwar. Wadda ta yi baƙi tana wari ruwa ne ya yi mata yawa, wadda aka ƙwaƙule gara ce, wadda ta dunƙule wuri guda kuma tun daga leda matsalar ta taso. A gyara abin da aka gani, a bar ramin a buɗe ya sha rana, a sake dasawa a damina mai zuwa, kuma idan iri ɗaya ya mutu sau biyu a rami guda, a koma mataki na 3 da na 4 a sauya iri.